Daga Nashville Zuwa Bakin Yedzaram: Yadda Rediyo Ya Zaunar da Tsofaffin Waƙoƙin Amurka a Mubi

Ranar 8 ga Satumban 2017, mawaƙin nan Don Williams ya rasu a jihar Alabama ta Amurka yana da shekara 78. Mutumin Texas ne, mai hular kaboyi da kakkaurar murya, wanda bai taɓa rera baiti ɗaya da Hausa ko Fulatanci ba. Duk da haka, da labarin ya iso Najeriya, mutane da yawa sun yi jimami irin na rashin ɗan gida. Tsofaffin malaman makaranta, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da direbobin dogon zango, kowa na da labarin inda ya fara jin muryarsa, kuma kusan dukkan labaran a wuri ɗaya suke tsayawa: gaban akwatin rediyo.

A Mubi da garuruwan da ke kewaye da ita, wanda ya haura shekara hamsin, ya kuma taɓa zama kusa da gidan malami ko bariki ko majami'a, da wuya a ce bai san muryar Jim Reeves ba. Ya san Dolly Parton da Kenny Rogers, ko da bai taɓa ganin hotonsu ba. Yaya aka yi waƙoƙin manoma da makiyayan kudancin Amurka suka sami masauki a gindin duwatsun Mandara? Amsar ta ratsa ta tarihin garin kansa, ta majami'u, ta igiyoyin gajeren zango, har ta kai ga wata daɗaɗɗiyar dangantaka tsakanin goge da jita.

Gari a bakin iyaka

Mubi na zaune a bakin kogin Yedzaram, kimanin kilomita 200 daga Yola, kuma ta hanyar Sahuda ba a daɗe ana tafiya ba ake shiga Kamaru. Jamusawa ne suka fara riƙe yankin a cikin Kamarun da suka mallaka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. Sai a watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, jama'a suka zaɓi Najeriya, ranar 1 ga Yunin shekarar aka haɗe. Aka kira sabon yankin Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Daga nan ta shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991.

Zama hedkwatar lardi ya jawo wa garin baƙi masu albashi: akawu, malamai, 'yan sanda, malaman asibiti, ma'aikatan gona. Irin waɗannan ne suka fara iya sayen rediyo da garmaho, kuma ɗakunansu ne suka zama dandalin sauraro ga maƙwabta. Daga baya Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta zo, sai Jami'ar Jihar Adamawa a 2002, suka ƙara cika garin da matasa daga kowane lungu na ƙasar, kowa da kaset ɗinsa a jaka.

Garin dama bai saba da harshe ɗaya ba. Gude da Fali da Njanyi da Fulani, da Margi da Higi da Kilba, da Hausawa da Barebari da Ibo 'yan kasuwa, duk suna cin kasuwa ɗaya. Kasuwar shanu ta Tike kuwa har daga Kamaru da Chadi ake kawo mata dabbobi. Yaron da ya tashi yana jin harsuna huɗu ko biyar kafin ya isa makaranta ba ya ɗar-ɗar da waƙa don kawai bai gane kalmominta ba. Sautin yake fara saurara, ma'ana ta biyo baya.

Abin da allura ke kamowa

A Kano, tun 1944 aka kafa rediyon waya, wanda ake ja daga tasha zuwa lasifikoki a gidaje da dandali. Garuruwan nesa irin Mubi sai da ƙananan rediyoyi masu batir suka yi araha a shekarun 1960 sannan sauraro ya zama na kowa. Philips da National da Sony suka shiga kayan ɗakin amarya da jakar ɗan kasuwa, har da kafaɗar makiyayi.

Lokacin ya zo daidai da buɗewar tashoshi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957. Gidan rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa ya buɗe a 1962, ya zama muryar da ake ji daga Sakkwato har Kamaru, da shirinsa na Zaɓi Sonka wanda ya koya wa Arewa duka aika katin gaisuwa. Muryar Jamus ta shigo da Hausa, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Daga gabas ga Rediyon Garwa da Fulatanci da Faransanci da kiɗan makosa. A 1981 tashar Africa No. 1 ta fara watsawa daga Gabon, ta cika sararin da kiɗan Kwango. A gida kuma akwai gidan rediyon jiha da ke Yola, wanda ya tashi daga sunan Gongola zuwa Adamawa.

Sirrin wannan yalwa yana cikin yadda igiyar gajeren zango ke tafiya. Takan haura sama, ta daki wani shimfiɗin iska mai ɗauke da lantarki, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Shi ya sa mutum a unguwar Lokuwa ko Sabon Layi a Mubi yake iya jin Landan da Washington, shi ya sa kuma tashoshin matsakaicin zango suka fi fitowa tsaf bayan faɗuwar rana. A shirye-shiryen Turanci na Muryar Amurka, Willis Conover ya gabatar da kiɗan jaz daga 1955 har zuwa rasuwarsa a 1996, Judy Massa kuma ta yi shekaru tana gabatar da shirin waƙoƙin kantiri, wato waƙoƙin karkarar Amurka. Tashoshin cikin gida su ma suna da sa'o'in zaɓen masu sauraro na Turanci, inda faya-fayan kantiri na Nashville suka fi kowane yawo.

Wanda ya rayu a zamanin ya san sauraron aiki ne. Za a zaro eriya har ƙarshe, in ba ta isa ba a ɗaura mata siririyar waya a maƙala a reshen dogon yaro. Maigida ne ke murɗa allura, a hankali, kunnensa a jikin akwatin, yana wuce shuuu da ƙyarƙyara da wani harshe da ba wanda ya sani, har muryar da ake nema ta fito. Takan yi ƙarfi, ta dusashe, ta sake dawowa, ba wanda ke tashi. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana a kan kwanon ɗaki don ya ƙara kwana ɗaya. Da rediyo mai kaset ya zo, samari suka koyi zama da yatsa a kan maɓallin ɗauka, suna fatan mai gabatarwa ba zai yi magana a kan farkon waƙar ba. Zaren in ya harɗe, a sa biro a naɗe shi, in ya tsinke a liƙa. Kaset ɗaya yakan zagaya ɗakin kwanan ɗalibai gaba ɗaya kafin ya koma hannun mai shi.

Abin da kunne ya gane

Jim Reeves ya rasu a hatsarin ƙaramin jirgin sama kusa da Nashville ranar 31 ga Yulin 1964, yana da shekara 40. Ke nan mafi yawan masu ƙaunarsa a wannan yanki sun san shi ne bayan ya bar duniya. Me ya riƙe su?

Na farko, Turancinsa a fili yake. Salon da Chet Atkins da abokan aikinsa suka gina a Nashville a ƙarshen shekarun 1950 ya rage kaifin kayan kiɗa, ya tura muryar mawaƙi gaba. Reeves yana rera waƙa a natse, kalma bayan kalma, yadda ɗan aji uku a sakandare zai iya rubuta ta a bayan littafinsa. Don Williams ya gaji wannan natsuwa a shekarun 1970. Ga ɗalibin da yake fama da Turanci a aji, waɗannan faya-fayan darasi ne da ba bulala a cikinsa.

Na biyu, abin da waƙoƙin ke magana a kai ba baƙon abu ba ne. Uwa, gida, gona, talauci, riƙon amana, aure da rabuwa, tafiya neman kuɗi da kewar garinsu, mutuwa da tsoron Allah. Dolly Parton ta yi waƙa a 1971 a kan rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata da ƙyallaye, da yadda yara suka yi mata dariya a makaranta. Ɗan Michika ko Maiha da ya je makarantar kwana da riga ɗaya ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kenny Rogers kuwa mai ba da labari ne, yakan ɗauko mutum ɗaya ya bi rayuwarsa har ƙarshe, a fito da darasi. Wanda ya saba da Ɗan Maraya Jos, da yadda yake ɗaukar karen mota ko zaman aure ya yi masa waƙa da kuntiginsa shi kaɗai, ya riga ya san wannan hanya.

Na uku, akwai kunya. Waƙoƙi ne da za a iya sawa a falo, suruki na zaune, yara na wasa, ba wanda zai sunkuyar da kai. Muryar Don Williams takan sauka a zuciya kamar fura mai sanyi bayan tafiyar rana: ba ta tayar da hankali, kwantar da shi take yi. Wannan ya ba su wuri a motar haya da shagon aski da ɗakin tela, wuraren da manya da yara ke haɗuwa.

Akwai kuma shanu. Finafinan kaboyi sun yi tashe a gidajen siliman Arewa tun kafin 'yancin kai, har samari suka riƙa kwaikwayon shigarsu. Hoton mutum a kan doki yana kora garke a fili fetal, da waƙarsa ta kewa da dare, ya dace da ƙasar da kiwo yake cikin jininta.

Ba za a ce kowa ya bi wannan layi ba. A gidaje da yawa waƙoƙin Indiya ne suka yi sarauta, wasu na Sudan, wasu na Kwango, kuma babu baƙon da ya taɓa ture Mamman Shata daga kujerarsa. Kantiri ya fi ƙarfi a wajen 'yan boko da sojoji da gidajen Kirista. Amma bai tsaya a nan ba. Malam Musulmi da abokin aikinsa Kirista sun yi musayar kaset ɗin Don Williams a ɗakin malamai ba tare da wani ya ga abin mamaki ba.

Safiyar Lahadi

Hanya ta biyu da wannan sauti ya bi ita ce majami'a. Ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan daga Amurka, suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida. Daga wannan aiki aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN, mai hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi, inda makarantar tauhidi mai sunan Kulp take. A kudancin jihar kuma Lutharan 'yan Denmark sun sauka a Numan tun 1913. 'Yan mishan sun zo da waƙoƙin sujada masu murya huɗu, irin waɗanda ake rerawa a ƙananan majami'un karkarar Amurka da Turai, aka fassara da yawa zuwa Hausa da harsunan yankin.

To, daga irin waɗannan waƙoƙin sujada ne mawaƙan kantiri da yawa suka koyi waƙa. Don haka da faya-fayan bishara na Jim Reeves suka iso, mutanen majami'a sun ji amon da suka riga suka sani, wani lokaci ma waƙar da suke rerawa da Hausa ce suka ji da Turanci. Ya zama al'ada a gidaje da yawa: safiyar Lahadi ana guga, ana yi wa yara wanka, Reeves na tashi daga rediyo. Faifansa na waƙoƙin Kirsimeti na 1963 kuwa har yau yana cikin alamun shigowar Disamba, tare da hazo da sanyin hunturu.

Tashoshin addini sun taimaka. Rediyon ELWA ya fara watsawa daga Monrobiya ta Laberiya a 1954, yana da shirye-shiryen Hausa, har yaƙin basasar ƙasar ya rushe shi a 1990. A 1963 Tarayyar Lutharan ta Duniya ta buɗe babbar tasha a Addis Ababa, wadda ke karɓar shirye-shiryen Hausa daga ɗakin Muryar Bishara a Jos, da na Fulatanci daga Sawtu Linjiila a Ngaundere tun 1966. Gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977, amma ɗakunan shirye-shiryen sun ci gaba ta wasu hanyoyi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da mutanen yankin suka yi da abin da suka ji. Ba su tsaya ga kwaikwayo ba. A leƙa gwajin waƙar Zumuntar Mata da yamma a kowace majami'a a Mubi. Mata ne a jere da zane iri ɗaya, wata da goyo, wata ta taho kai tsaye daga kasuwa. Ɗaya ta rungume tulu tana bugun bakinsa da faifan soso, yana ba da amo mai zurfi da ake ji a ƙirji. Wasu na kaɗa caki, wata na buga ƙarfe. Jagora ta ɗaga murya da Hausa, sauran su amsa, muryoyin su rabu sama da ƙasa yadda littafin waƙoƙi ya koyar, amma takun da rausayar na gida ne. A 2015, watanni kaɗan bayan mamayar da 'yan Boko Haram suka yi wa yankin, ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ta zagaya majami'u a Amurka tana rera irin waɗannan waƙoƙi. Jikokin waɗanda aka koya wa waƙa a gindin tsamiya sun mayar da biki.

A fagen faifai, Panam Percy Paul, ɗan ƙabilar Mbula ta Adamawa mazaunin Jos, ya gina waƙoƙinsa na bishara a kan jita da salon kantiri kafin ya gauraya su da kiɗan gida. Bongos Ikwue na Binuwai shi ma ya nuna cewa ɗan Najeriya zai iya ɗaukar wannan natsuwa ya faɗi nasa labarin da ita.

Tsirkiyar da ta ƙetare teku

Akwai wata amsa da ta fi waɗannan zurfi, kuma masana kiɗa ne suka tono ta. Gerhard Kubik, masani ɗan Ostiriya, ya yi yawon ɗaukar sauti a Kamaru a 1964. Cikin waɗanda ya ɗauka akwai wani mai goge Bahaushe da ake kira Adamu Maigoge Garwa, da wata mata 'yar ƙabilar Tikar tana waƙar niƙa. A littafinsa na 1999 a kan Afirka da kiɗan buluz, ya jera waɗannan sautuka da na mawaƙan buluz na yankin Mississippi, ya nuna kamannin da ke tsakaninsu: mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya, jan murya da lanƙwasa ta a kan gaɓa ɗaya, ma'aunin sauti mai hawa biyar, da waƙar da take kusa da magana. Ra'ayinsa shi ne tushen buluz ya fi kusa da ƙasashen sarari na Afirka ta Yamma, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, fiye da ƙasashen kurmi masu manyan ganguna.

Tarihi ya ba wannan ra'ayi madogara. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumomin Carolina ta Kudu sun hana bayi ganguna a dokar 1740, don tsoron kada su kira juna da su. Abin kiɗa mai tsirkiya bai gamu da irin wannan hani ba, sai masu wannan fasaha suka sami fili. Banjo, wanda a yau ake ɗauka tambarin kiɗan fararen karkara, bayi 'yan Afirka ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata da sanda. Wanda ya san gurmi da garaya da molo, ko hoddun Fulani, in ya ga tsohon banjo zai gane dangi ne.

Kantiri kansa ya sha daga wannan rijiya. Jimmie Rodgers, wanda aka fara ɗaukar muryarsa a Bristol a 1927, ya koyi buluz a wajen baƙaƙen ma'aikatan jirgin ƙasa, a 1930 kuma ya yi faifai tare da Louis Armstrong. Wani baƙin mawaƙin titi, Rufus Payne, shi ya koya wa Hank Williams jita. Thomas Dorsey, uban waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka, da kiɗan buluz ya fara, kuma salon jagora da 'yan amshi da Mahalia Jackson ta tashi a cikinsa ba ya bukatar bayani a wajen wanda ya ji Barmani Choge da matanta.

Rok an rol a mahaɗar waɗannan hanyoyi aka haife shi, kuma rediyo ce ungozomarsa. A Memphis, tashar WDIA ta koma shirye-shiryen baƙaƙe zalla a ƙarshen shekarun 1940, B.B. King ma ya yi aikin gabatarwa a can. A garin ne Elvis Presley ya fitar da faifansa na farko a 1954: fuska ɗaya waƙar buluz ta Arthur Crudup, ɗaya fuskar waƙar karkara ta Bill Monroe. Wannan guguwa ta iso Najeriya da rawar tuwis da ƙungiyoyin samari masu jita. Shi kuwa Armstrong ya zo da kansa a 1960, har akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

Ba wanda zai ɗauki waƙa guda ya ce daga gari kaza ta fito, ƙarnuka sun shiga tsakani, kuma baƙaƙen Amurka sun ƙirƙiri nasu daga wahalar da suka sha. Amma dattijon da ya ji jitar buluz ya ce ta yi masa kama da kiɗan Garba Supa ko gurmin Haruna Uji, kunnensa bai yaudare shi ba.

Bayan 2014

A Najeriya, wata doka ta 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, zangon FM ya yawaita. Yola ta sami Gotel da Fombina da Pulaaku da wasunsu. Sauti ya yi kyau, amma yawon allura ya ragu, tashoshin duniya da dama kuma sun rage gajeren zango. Matasa suka koma wayar hannu. A kasuwa, mai tura waƙa da kwamfutarsa ya gaji mai sayar da kaset, ko da yake har yanzu akan sami dattijo ya miƙa memori ya ce a zuba masa tsofaffi.

Sai masifa ta zo. A 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Adamawa da Borno da Yobe na wani lokaci, mutane suka koma ga rediyo don sanin halin da ake ciki. Ranar 29 ga Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban mutane, Musulmi da Kirista, suka tsere zuwa Yola da Kamaru da kan duwatsu. An ƙwato garin a watan Nuwamba. Waɗanda suka dawo sun tarar da gidaje a fashe, majami'u da shaguna a ƙone. Rayukan da aka rasa su ne babban rashi, ba abin da za a jera da su. Amma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar kwalin kaset, kuma a irin waɗannan kwalaye ake ajiye muryar kaka tana waƙar biki, da gasar mawaƙan majami'a, da kiɗan makaɗin ƙauye da bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar faifai ba.

Nasu na nan, namu fa?

A nan ne labarin ya juyo kanmu. Yaro a Mubi yau zai iya samun duk waƙar da Jim Reeves ya yi cikin minti ɗaya a wayarsa. Zai iya jin Muddy Waters yadda Alan Lomax ya ɗauke shi a wata gonar auduga ta Mississippi a 1941, domin ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya aika a ɗauka, ya kuma adana. Amma in ya nemi kiɗan Gude ko Fali na shekarun 1970, ko waƙoƙin Fulani da gidan rediyon Gongola ya ɗauka, ko muryar masu gabatarwar da suka raini iyayensa, ina zai dosa? Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima. Na'urorin da ke karanta manyan faya-fayan zare suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. A tashoshi da yawa na Afirka, ƙarancin kuɗi ya sa an riƙa goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa.

An yi maganin irin wannan a wani wuri. A Gini, daga 2008 zuwa 2013, wani shiri na ɗakin karatun Birtaniya tare da mai bincike Graeme Counsel ya kwashe waƙoƙi sama da 9,000 daga ma'ajiyar gidan rediyon ƙasar zuwa kwamfuta, yanzu kowa na iya saurare. A Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka na Hausa a rubuce. Adamawa ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Akwai Jami'ar Jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Mubi, akwai Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya a Yola, akwai masarautar Mubi da majami'u da ƙungiyoyin raya al'adun ƙabilu. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinsu ba: na'urar kaset mai lafiya, kwamfuta, ɗalibai masu haƙuri, da sanarwa a rediyo cewa duk mai tsohon kaset ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa. A zauna kuma da tsofaffin masu gabatarwa da masu gyaran rediyo a ɗauki bayaninsu tun suna da ƙarfin bayarwa.

Su ma tashoshin suna da rawar takawa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma sa'a ɗaya a mako ta isa a fara: shirin da zai sa Don Williams, ya bi shi da Ɗan Maraya, ya sa buluz na Mississippi kusa da goge, ya sa Mahalia Jackson kusa da Zumuntar Mata, mai gabatarwa yana bayani da Hausa da Fulatanci wane ne wane, daga ina, a wace shekara. Irin wannan shiri zai tara uba da ɗa a gaban akwati ɗaya, zai kuma tuna wa garin da aka so a raba shi cewa mutanensa sun daɗe suna sauraron abu ɗaya tare. Masu kaset ɗin suna raye, wasu na'urorin suna aiki, ɗaliban suna nan cikin gari. Shekara goma nan gaba ba lallai a sami ukun a haɗe ba, don haka bana ya kamata a fara.